Tun Ran Gini Ran Zane: Matsayin Jami'o'inmu a Haɗin Gwiwar Binciken Alƙaluma kan Bambancin Jama'a da Rashin Daidaito

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda jami'o'i ke haɗa hannu wajen auna bambancin ƙabila, harshe da addini, da kuma rashin daidaiton da ke tsakanin rukunonin jama'a. Hujjarta ita ce, darajar irin wannan bincike tana rataye ne a kan matakin farko, wato lokacin da ake yanke shawarar wa za a ƙirga, da wane suna za a kira shi, kuma a wane rukuni za a saka shi. A wannan mataki ne jami'o'in arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suka fi kowa abin faɗa, kuma a nan ne aka fi rashin jin muryarsu.

Gabatarwa



Zan fara da alƙaluma biyu da suka fito daga bincike guda. A binciken yanayin rayuwar iyalai da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar daga 2018 zuwa 2019, ma'aunin Gini na Nijeriya ya tsaya a 35.1. Wannan ma'auni yana tashi ne daga sifili, inda kowa ke da rabo ɗaya, zuwa ɗari, inda mutum guda ya haɗiye komai, kuma ƙasa irin Afirka ta Kudu ta daɗe tana sama da 60. Wanda ya tsaya a nan zai ce Nijeriya da sauƙi. To amma binciken nan dai shi ne ya nuna cewa kashi 87.7 cikin ɗari na mutanen jihar Sakkwato suna ƙasa da layin talauci, wanda aka yanka a kan Naira 137,430 a shekara ga mutum ɗaya, alhali a Legas kashi 4.5 ne kacal. Babu ƙarya a ɗayan alƙaluman biyu. Tambayoyi biyu aka yi wa tulin bayanai ɗaya, kowace ta karɓi amsarta. Ta farko ta jera mutane ɗaiɗaiku daga matalauci zuwa mawadaci, ta biyu kuwa ta tara su rukuni-rukuni sannan ta gwada rukunonin da juna.

Wannan tambaya ta biyu ita ce Frances Stewart ta Jami'ar Oxford ta yi wa suna da abin da za mu iya kira rashin daidaito na kwance, domin bambanta shi da na tsaye wanda Gini ke aunawa. Daga 2003 zuwa 2010 ta jagoranci cibiyar CRISE, wadda ta haɗa masana daga Afirka ta Yamma, Kudu maso Gabashin Asiya da Latin Amurka, kuma marigayi Abdul Raufu Mustapha, wanda ya yi karatu a Zariya kafin ya koma Oxford, yana cikin jigoginta. Babban abin da suka gano shi ne, hatsarin rikici yana ƙaruwa idan rukunin da aka bari a baya wajen tattalin arziki shi ne kuma aka ture daga mulki. Ke nan auna tazara tsakanin rukunoni magana ce ta zaman lafiyar ƙasa. Sai dai duk wanda zai gwada rukuni da rukuni, dole ya fara faɗin mene ne rukunin. Jiha tana da iyaka a taswira. Ƙabila fa? Gida fa? A nan maganar take.

Akwatin da aka zana a nesa

A 1997 William Easterly da Ross Levine suka buga wata maƙala da ta yi tashe ƙwarai, inda suka danganta jinkirin bunƙasar tattalin arzikin Afirka da yawan rarrabuwar ƙabilu. Ma'aunin da suka yi amfani da shi mai sauƙin fahimta ne: idan aka ɗauko mutum biyu da ka a cikin ƙasa, mene ne yiwuwar su kasance 'yan ƙabila daban-daban? Garin da ke da ƙabila biyu masu yawa ɗaya zai sami 0.5. Idan mai bincike ya ga dama ya raba kowace gida biyu, sai alƙalamin ya haura zuwa 0.75, ba tare da an haifi ko mutum ɗaya ba, ba tare da kowa ya tashi daga gidansa ba. Lissafin bai da aibi, amma abin da aka zuba masa shi zai niƙa. Jerin ƙabilun da masanan biyu suka dogara da shi kuwa an ɗauko shi ne daga wani kundin taswira da masanan Tarayyar Sobiyet suka buga a 1964. Da Daniel Posner ya bi sawun wannan kundi a 2004, sai ya nuna cewa a Ruwanda ya haɗe Hutu da Tutsi a matsayin al'umma ɗaya, saboda harshensu ɗaya ne. Ma'aunin da aka gina don bayyana illar rarrabuwar ƙabila ya kasa ganin rarrabuwar da ta ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane a 1994. Haka kuma har yau akwai manyan bincike da ke ɗora hotunan hasken dare na tauraron ɗan'adam a kan taswirar ƙabilun Afirka da George Murdock ya zana a 1959, su ce sun auna arzikin kowace ƙabila.

Ba sai an je Ruwanda ba. Mu ɗauki kalmar Bahaushe. A Katsina ko Daura tana iya nufin wanda ba Bafillace ba ne ta wajen asali. A Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi, a bakin mutanen gari, tana ɗauke Babarbare da Banufe da Bazabarme da duk wanda ya zo daga arewa da hula da carbi. A birnin Kano akwai gidajen da kakanninsu Barebari ne ko Buzaye ko Larabawan Gadamas, waɗanda idan mai tattara bayanai ya tambaye su yau za su ce Hausawa ne, kuma gaskiya suka faɗa. Bamaguje yana jin Hausa fiye da da yawa daga cikinmu, amma a wasu bakunan ba a kiransa Bahaushe sai ya musulunta. Sannan ga laƙabin nan na "Hausa-Fulani" da 'yan jarida da 'yan siyasa suka haɗa, wanda ke zuba hakimi da ke cikin birni da makiyayin da ke ruga a ƙwarya ɗaya, alhali babu rukuni biyu a arewa da tazarar samun makaranta da asibiti ta fi nisa a tsakaninsu. Onigu Otite ya lissafa ƙabilu 374 a Nijeriya. Rahoton binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya ambaci goma da suna a teburinsa, sauran duka suka shige ƙarƙashin "wasu". A cikin wannan "wasu" ne Gbagyi da Bajju da Sayawa da Tangale da Zuru suke, wato mutanen da ƙorafin wariya ya fi fitowa daga bakinsu.

Akwai kuma bambancin da akwatin ƙabila ba zai taɓa gani ba, ko da an jera ƙabilu ɗari huɗu. Tun 1959 M. G. Smith ya bayyana cewa matsayi a ƙasar Hausa yana bin sarauta da sana'ar gado: sarakuna da talakawa, malamai da fatake, maƙera da mahauta da wanzamai da maroƙa. Kowa a cikinmu ya san cewa har yanzu akan fasa aure saboda an binciko asali. A Nijar sai a 2003 aka saka bauta cikin laifukan da doka ke hukuntawa, kuma a 2008 Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a kan gwamnatin ƙasar a shari'ar Hadijatou Mani. Ita da wanda ya mallake ta suna iya faɗawa cikin layi ɗaya a teburin yanki da na addini. Mai nazarin da ke zaune a Faris ko Washington ba zai ga wannan a cikin lambobin da aka aika masa ba, domin ba a yi tambayar ba tun farko.

Abin da ya fi wannan damuwa shi ne ma'anar gida, domin a kanta ake gina samfurin kowane bincike. Ma'anar da aka saba amfani da ita ita ce mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna cin tukunya ɗaya. A gandu kuwa, inda uba da 'ya'yansa magidanta ke noma gona ɗaya da damina, kowa kuma yana da gayaunarsa, tukunya takan haɗu a wani lokaci na shekara ta rabu a wani. Wanda ya zo da rani zai ƙirga gidaje huɗu inda wanda ya zo da damina ya ƙirga ɗaya, kuma kuɗin da ake kashewa a kan kowane mutum zai sauya tare da ƙirgar. Matar da ke cikin kulle tana soya ƙosai ko tana yin man gyaɗa da ƙuliƙuli, 'yarta na kai mata talla, idan aka tambayi maigida aikinta zai ce ba ta aiki, a rubuta haka. Polly Hill ta yi rubutu a kan wannan ɓoyayyen ciniki na matan Hausawa tun 1969, amma takardun tambayoyi da yawa har yau maigida suke tarewa a zaure. Almajirin da ke kwana a tsangaya ba ya gidan iyayensa a daren da aka zo, kuma ba lallai malaminsa ya lissafa shi cikin iyali ba. Makiyayi ya yi gaba da shanunsa. Ɗan ci-rani yana Legas ko Fatakwal. Binciken 2018 zuwa 2019 da na fara da shi bai saka jihar Borno cikin lissafin ƙasa ba saboda rashin tsaro. Waɗanda ke zamewa daga ragar bincike su ne mafi talauci, don haka kuskuren ba ya rabuwa daidai: kullum yana rage girman tazarar da ake son aunawa.

Yadda ake raba aikin

Idan an yarda cewa a wurin zana akwati ilimin yake, sai a duba wa ke zaune a teburin lokacin da ake zanawa. Tsarin da ya yawaita sananne ne. Jami'ar waje ce ke rubuta buƙatar tallafi, ita ke tsara tambayoyi da Turanci ko Faransanci, ita ke ajiye rumbun bayanai. Jami'ar gida takan shigo bayan an gama: ta nemo izini, ta ɗauko ɗalibai su shiga ƙauyuka da kwamfutar hannu, ta fassara tambayoyin zuwa Hausa cikin 'yan kwanaki. Wani na riƙe da ƙaho, wani na tatsa. Akan kawo wannan ƙorafi ta fuskar adalci, wato sunan wa ya fito a kan maƙala, kuma ƙorafi ne mai tushe. Amma abin da na fi so a lura da shi shi ne asarar ta ilimi ce, kuma har jami'ar wajen tana cikin masu asara, domin sakamakon da ta buga yana ɗauke da kuskuren da malami ɗaya daga Sakkwato ko Maraɗi zai iya gyarawa cikin rabin sa'a da an tambaye shi kafin a buga takardar. Fassara kaɗai ta isa misali. Kalmar da ke nufin kuɗin shiga a Turanci, idan aka mayar da ita "albashi", manomi zai ce ba shi da shi. Idan aka ce "samu", zai haɗa da kyautar suna da gudummawar biki. Idan aka tambayi mutum bashin da ke kansa a gaban maƙwabta, kunya ce za ta amsa.

Ba a rasa misalan da aka yi abin yadda ya kamata ba, kuma a nahiyar nan. Afrobarometer ta fara a 1999 da haɗin gwiwar Jami'ar Jihar Michigan da wata cibiya a Afirka ta Kudu da Cibiyar Bunƙasa Dimokuraɗiyya ta Ghana, yau kuma hedikwatarta tana Accra, kowa na iya sauke bayananta kyauta. Cibiyar ISSER ta Jami'ar Ghana ta haɗa kai da Jami'ar Yale tun 2009 suna bibiyar gidaje kusan 5,000. A Afirka ta Kudu, sashen SALDRU na Jami'ar Cape Town ya fara binciken bibiya na NIDS a 2008 da mutane kusan 28,000, yana komawa wurin mutanen nan dai bayan 'yan shekaru har zuwa 2017. Amfanin wannan haƙuri ya fito fili a 2020: da annobar korona ta zo, masana daga jami'o'in ƙasar suka ɗauki waya suka kira mutanen da suka riga suka sani, cikin 'yan watanni suka nuna cewa kimanin mutum miliyan 3 sun rasa aiki tsakanin Fabrairu da Afrilu, kuma kashi biyu cikin uku mata ne. Sannan ga ACEIR, cibiyar nazarin rashin daidaito ta ƙawancen jami'o'in bincike na Afirka, ARUA, wadda mazauninta ke Cape Town, rassanta kuma a Jami'ar Ghana da Jami'ar Nairobi, kowane reshe yana aiki kafaɗa da kafaɗa da hukumar ƙididdigar ƙasarsa. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne rumbun bayanai yana gida, kuma masu tsara tambaya suna zaune cikin al'ummar da ake tambaya. Ya kamata a lura cewa lokacin da aka kafa ARUA a Dakar a 2015, jami'o'in Nijeriya uku da suka shiga su ne na Legas, Ibadan da Ile-Ife. Arewa, yankin da binciken talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya ce yana ɗauke da miliyan 86 daga cikin matalauta miliyan 133 na ƙasar, bai sami kujera ba a ranar.

Kada a ɗauka cewa wannan aiki baƙo ne a wurinmu. A tsakiyar shekarun 1960, sashen binciken tattalin arzikin karkara na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ƙarƙashin David Norman, ya bibiyi manoma a ƙauyukan Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi har shekara ta zagayo, ana rubuta aikin gona da amfanin da aka samu. Sakamakon ya nuna cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya san abin da yake yi, a lokacin da masana ke ɗaukar hakan ci baya. Polly Hill a Batagarawa ta kasa magidanta rukuni huɗu bisa ga abin da mutanen garin da kansu suka sani game da wanda hatsinsa ke kai shi kaka da wanda ke ƙarewa a hanya, ta kuma rushe tunanin cewa talakawan ƙauye duk ɗaya suke. Ma'auninta daga bakin mutanen Batagarawa ya fito, shi ya sa har yanzu ake karanta littafinta na 1972.

Abubuwan da za a iya cewa

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce ƙirga ƙabila da addini wasa da wuta ne. Tarihi yana bayan masu wannan magana. An soke ƙidayar 1962, an yi ta jayayya a kan ta 1963, an soke ta 1973, kuma saboda wannan tsoro ne ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba. Faransa ta taƙaita tattara irin waɗannan bayanai tun dokar 1978, Ruwanda kuma ta cire ƙabila daga katin shaida bayan kisan kiyashi. Ba na raina wannan hujja. Amma Nijeriya ta riga ta zaɓi raba muƙamai bisa asali: sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta hakan, an kafa Hukumar Raba Daidai tun 1996, kuma ba a shiga jami'a ko aikin gwamnati sai da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ƙasar da ke rabo bisa rukuni amma ta ƙi auna halin da rukunonin ke ciki ta bar fili ga jita-jita, kowane ɓangare yana da alƙalumansa na baka da ke nuna shi aka zalunta. Bugu da ƙari akwai bambanci tsakanin ƙidaya da binciken samfuri. Rigimar ƙidaya rigimar yawa ce, domin da ita ake raba kujeru da kuɗin tarayya. Binciken jami'a ba ya cewa wa ya fi yawa, yana tambaya ne ko ɗan wannan rukuni da ɗan wancan suna da dama ɗaya ta gama firamare ko ta kai shekara biyar a raye. Binciken lafiya na 2018 ya tambayi ƙabila da addini, ya kuma nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 252 ke mutuwa kafin shekara biyar a Kebbi, 30 a Ogun, kuma ba a ƙona ko rumfa ɗaya saboda shi ba. Faransa kanta ta bar cibiyoyinta na INED da INSEE sun gudanar da babban bincike a kan asali da wariya a 2008, suka maimaita bayan kimanin shekara goma. Abin da hatsarin ke buƙata shi ne tsaro: ɓoye sunaye, kaucewa buga sakamakon ƙaramin wuri da za a iya gane mutanensa, da bin dokar kare bayanai ta 2023 wadda ta saka ƙabila da addini cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman.

Suka ta biyu daga masana ƙididdiga take. Za su ce idan kowace jami'a ta zana nata akwati, ba za a iya gwada Kano da Kisumu ba, kuma gwadawar ita ce dalilin haɗin gwiwar. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa sananne ne a fagen: a tattara a warware, a dunƙule daga baya. Idan an rubuta ainihin abin da mutum ya kira kansa, da harshen da yake yi a gida, da asalin mahaifi da na mahaifiya, da ko yana da takardar ɗan asalin wurin da yake zaune, kowane lokaci ana iya haɗe waɗannan su koma manyan rukunoni goma don gwada ƙasa da ƙasa. Wanda ya tattara a dunƙule kuwa ba shi da hanyar warwarewa. Tsadar ƙarin tambayoyi huɗu ko biyar ba ta kai tsadar sake shiga ƙauyuka ba.

Suka ta uku ita ce mai zafi, domin a kanmu take: jami'o'inmu ba su shirya ba. Za a tuna mana yajin aikin 2022 da ya rufe jami'o'in tarayya wata takwas, da rashin wutar lantarki, da malamin da ke koyar da ɗalibai ɗaruruwa ba shi da lokacin buɗe rumbun bayanai. Za a ƙara da cewa bayanan Hukumar Ƙididdiga da na Bankin Duniya suna nan kyauta a intanet, amma kundayen digiri nawa ne a sassanmu suka taɓa su? Yawancinsu takardar tambayoyi ce da aka raba wa mutum ɗari biyu da aka samu a kusa, aka fitar da kaso cikin ɗari. Dole mu karɓi wannan. Bincike irin na NIDS yana buƙatar wanda ya iya zana samfuri, ya iya ɗora nauyi a kan alƙaluma, ya iya bin sawun iyalin da ya ƙaura, kuma irin waɗannan mutane ba su da yawa a wurinmu. Sai dai wannan ƙwarewa a wurin aiki ake samunta. Wanda aka ajiye shekara ashirin yana raba takardu zai ƙware a raba takardu. Kuma ƙarancin ne ma ya sa haɗin gwiwar da ya fi gaggawa shi ne na junanmu: abin da Jami'ar Bayero ba ta da shi a fannin ƙididdiga wataƙila yana Zariya, masanin makiyaya yana Sakkwato ko Yola, masanin 'yan gudun hijira yana Maiduguri, Gidan Mambayya da Gidan Arewa kuma suna da tarihin tara masana. Jami'a ɗaya tilo da ta je teburin tattaunawa da Oxford ko Yale 'yar kwangila ce. Shida da suka je tare da rumbun bayanansu abokan tarayya ne.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai ba da tallafi yana da tambayoyin da suka dame shi. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin USAID, shirin binciken lafiya da yawan jama'a na DHS da ƙasashe da dama suka dogara da shi tun shekarun 1980 ya tsaya cak. Tsakanin binciken rayuwar iyalai na 2009 zuwa 2010 da na 2018 zuwa 2019 kusan shekara goma aka yi ba a da cikakken ma'aunin talauci na jihohi, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. Asusun bincike na TETFund kuɗin gida ne, kuma babu abin da ya hana a ware wani kaso nasa ga aiki ɗaya mai tsawon shekara goma maimakon ƙananan ayyuka masu ƙarewa da rahoto. Masu cewa wannan aikin Hukumar Ƙididdiga ne suna da rabin gaskiya. Binciken bibiya na hukumar, mai gidaje kusan 5,000, yana magana ne a matakin shiyya, ba ya sauka zuwa jiha balle ƙaramar hukuma, kuma hukuma ta gwamnati ba za ta iya tambayar asalin bauta ko wariyar baƙo da ɗan ƙasa cikin sauƙi ba. Jami'a tana iya yi, da samfurin da hukumar ta taimaka aka zana.

Akwai wata dama da babu wanda yake da ita kamar mu. Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kilomita kusan 1,500, ta ratsa al'umma ɗaya mai harshe ɗaya da addini ɗaya, ta saka wani ɓangare ƙarƙashin tsarin Ingila, wani kuma ƙarƙashin na Faransa. William Miles ya gwada ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaje a ɓangaren Daura da Yekuwa a ɓangaren Magarya, a littafinsa na 1994, ya nuna yadda sarauta da makaranta da kasuwa suka rabu hanya. Posner ya yi irin wannan da Chewa da Tumbuka, waɗanda ke gaba da juna a siyasar Malawi amma suke ƙawance a Zambiya. Ga mai son raba tasirin al'ada da tasirin hukuma a kan rashin daidaito, wadda ita ce tambayar da ta gagari Easterly da Levine, babu wurin gwaji da ya fi wannan iyaka. Duk lokacin da aka ce al'adar Bahaushe ce ta hana yarinya karatu ko ta kawo yawan haihuwa, amsar tana tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram, tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, inda al'adar take ɗaya amma manufofin gwamnati suka bambanta. Siyasa ta yi tsami tun juyin mulkin Yuli 2023, an rufe iyaka na wasu watanni, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS. Amma malamin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ba sa buƙatar tafinta, kuma cibiyar LASDEL da ke Yamai ta shafe fiye da shekara ashirin tana tara irin sanin ƙasa da ake buƙata kafin a rubuta tambaya ta farko.

Roƙona ga shugabannin sassa da daraktocin cibiyoyi shi ne, duk yarjejeniyar bincike da za a kawo muku daga yau, ku nemi abu uku a rubuce kafin ku sa hannu: malamanku su zauna a wurin tsara tambayoyi da rukunoni, a rubuta takardar tambayoyi da Hausa da sauran harsunan wurin a gwada ta a ƙauye kafin a kulle ta, kuma cikakken kwafin bayanan ya zauna a jami'arku inda ɗalibin digiri na biyu zai iya buɗe shi. Ga shugabannin jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato, Katsina, Maiduguri, Maraɗi, Damagaram da Yamai kuma, a naɗa mutum bibbiyu daga kowace jami'a su zauna su fitar da daftarin binciken bibiya guda na gidajen ɓangarorin iyakar biyu, a kai shi gaban TETFund da hukumomin ƙididdigar ƙasashen biyu kafin a nemi ko sisi daga waje.